Yadda Za Ka Zaɓi Tiraifod Ko Monofod Na Farko Idan Kuɗinka Ba Su Da Yawa

Masu fara ɗaukar hoto da bidiyo sun sha tambayata wane tiraifod, wato mazaunin kyamara mai ƙafa uku, ya kamata su saya da ɗan abin da ke hannunsu, kuma galibi tambayar takan zo ne bayan kyamara da lens da batir sun lashe kuɗin, sai ɗan canji ya rage. Wasu kuwa wayar hannu ce duk jarinsu, suna so su ɗauki karatu ko tallar kaya ba tare da hoton yana rawa ba. Wanda aljihunsa ba nauyi abu ɗaya ya kamata ya sa a gaba, wato ya sami abin da zai riƙe masa kyamara cak ba motsi. Tsawo mai yawa da jaka mai kyau da rimot ɗin da ake haɗawa kyauta duk suna biyo bayan wannan. Matakan da ke ƙasa an jera su ne bisa yadda ya dace a bi su, domin kowane ɗaya yana rage yawan kayan da za ka tsaya dubawa a na gaba.

1. Fayyace aikin da za ka yi

Kafin ka tambayi farashi, ka zauna ka rubuta ayyuka biyu ko uku da ka fi yi, ko waɗanda kake sa ran za su kawo maka kuɗi nan kusa. Mai ɗaukar wa'azi ko tafsirin watan azumi zai kafa kyamara wuri guda ta yi awa ɗaya ko biyu ba a taɓa ta ba. Mai ɗaukar biki yana kai da kawowa tsakanin wurin kamu da zauren walima, cikin cunkoso, kuma ba a cika jiransa ba. Mai sayar da atamfa ko turare ta waya yana buƙatar abin da zai tsaya a kusurwar ɗaki ko a kan tebur, wani lokaci ma ya leƙa kayan daga sama. Waɗannan mutane uku bai kamata su sayi abu iri ɗaya ba.

Ka kuma rubuta yadda kake tafiya wurin aiki. Wanda yake hawa babur ko A Daidaita Sahu da jakar kyamara a kafaɗa ba zai daɗe yana jigilar ƙarfe mai kilo uku ba, zai fara barinsa a gida, kuɗin da ya kashe kuma su tafi a banza.

2. Mai ƙafa uku ko mai ƙafa ɗaya

Tiraifod yana tsayawa da kansa, saboda haka shi ne na duk aikin da za ka saki kyamara: hira, karatu, ɗaukar kanka da kanka, hoton dare, hoton kayan sayarwa, da hoton taron dangi idan kana so ka shiga ciki. Monofod sanda ce guda da ake zuƙowa a kuma naɗe, aikinta ta ɗauke maka nauyin kyamara ta kuma hana ta rawar sama da ƙasa, amma rawar gefe da gefe tana nan a hannunka. Amfaninta yana fitowa ne a inda wuri ya yi kaɗan kuma abin ɗauka yana gudu, kamar hawan salla da filin ƙwallo da dandalin dambe, inda buɗe ƙafafu uku zai tare hanya ko wani ya yi tuntuɓe da su.

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne kuma ba ka tabbatar da inda aikinka zai karkata ba, shawarata ka fara da tiraifod. Dalili shi ne idan ka haɗe ƙafafunsa uku ka zuƙo su, zai yi maka aikin monofod ko da ba daɗi, alhali monofod ba zai taɓa tsayawa ya jira ka ba. Akwai ma tiraifod da yawa na matsakaicin kuɗi, irin waɗanda K&F Concept da Neewer suke yi, da ake kwance ƙafa ɗaya a haɗa ta da sandar tsakiya ta zama monofod. Wanda ya sami irin wannan ya huta da saye biyu.

Wanda ya kamata ya fara da monofod shi ne mai lens dogo mai nauyi da yake yini a tsaye. A nan akwai wata riba da ba a cika lura da ita ba: da kuɗin da zai sayi tiraifod mai rauni, mutum yana iya samun monofod mai ƙwari sosai, tunda ƙafa ɗaya ce kawai ake biya.

Gargaɗi: akwai monofod mai ƙananan ƙafafu uku a gindi, kamar Yunteng VCT-288, wanda masu bidiyon biki suke so. Ƙafafun nan an yi su ne don su taimaka wajen juyawa a hankali. Kada ka bar kyamara a kai ka juya baya, ko da na ɗan lokaci ne, domin iska ko gefen babbar rigar mai wucewa ya isa ya kayar da ita.

3. Auna nauyin kayanka

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Ka haɗa kyamara da lens ɗinka mafi nauyi, da batir, da filasha ko makirufo ko ƙaramar fitila idan kana ɗora su, ka aza a kan sikeli. Sikelin mai shago ma ya wadatar. Don ka sami abin kwatance, wayar hannu ba ta cika wuce giram 250 ba. Canon 600D da ƙaramin lens ɗinta na 18-55 suna kusan giram 800, Nikon D3200 da nata lens ɗin kuwa ba su kai haka ba. Canon 5D Mark III ita kaɗai ta kusa kilo ɗaya, idan kuma aka ɗaura mata dogon lens na 70-200 f/2.8, wanda shi kansa yana kusan kilo ɗaya da rabi, an tasam ma kilo biyu da rabi ke nan tun ba a sa filasha ba.

Abin da ka samu sai ka ninka shi sau biyu, in da hali sau uku, ka nemi tiraifod da aka rubuta yana ɗaukar wannan adadin. Mai kaya na kilo ɗaya ya nemi wanda aka ce yana ɗaukar kilo uku. Mai kilo biyu da rabi ya nemi na kilo shida zuwa takwas. Dalilin ninkawar shi ne babu wata ƙa'ida guda da kamfanoni suke bi wajen rubuta wannan lamba. Wani yana nufin nauyin da ƙafafu za su ɗauka ba su durƙushe ba, wanda ya sha bamban da nauyin da za su riƙe ba rawa, sannan dogon lens yana rinjayar kai, wato sashen saman tiraifod da ake ɗaura kyamara a jikinsa, zuwa gaba fiye da yadda sikeli yake nunawa.

A kula: ƙafafu suna da nasu adadi, kai ma yana da nasa, kuma wanda ya fi ƙanƙanta a cikin biyun shi ne iyakarka. Ka kuma yi lissafi da lens ɗin da kake shirin saye nan da shekara guda, don kada ka sake komawa kasuwa.

4. Tsawo a buɗe da tsawo a naɗe

Tsawon da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali galibi an auna shi ne bayan an ɗaga sandar tsakiya har ƙarshe. Wannan tsawo na rabin gaskiya ne, domin da zarar sandar ta tashi sosai, kyamara ta koma kan sanda guda tana lilo. Tsawon da ya dame ka shi ne wanda ƙafafu suke kaiwa sandar tana ƙasa.

Lissafin ba wuya. Idon mutum yana ƙasa da tsakar kansa da kusan santimita 10, madubin leƙawa na kyamara kuma yana sama da gindinta da kusan haka. Mutum mai tsawon santimita 170 zai ji daɗin tiraifod da ya kai 150 har da kai. Na araha da yawa suna tsayawa ne a 125 zuwa 140, kuma ana iya haƙuri da hakan musamman idan allon kyamararka yana karkatowa sama, ko kuma waɗanda kake ɗauka a zaune suke. Mai ɗaukar taro daga bayan zaure shi ne yake buƙatar tsawo na gaske don ya tsallake hulunan jama'a. Monofod kuwa dole ne ya kai maka kyamara ido, in ba haka ba ka yini a sunkuye.

Sai tsawonsa a naɗe. Na tafiya, waɗanda ƙafafunsu suke juyawa sama su rungume kai, sukan koma santimita 40 zuwa 45 su shiga jakar goyo. Na gama-gari sukan tsaya a wajen 60.

5. Ƙafafu da makullansu

Da ƙaramin kuɗi, alminiyam za ka saya. Wanda ake yi da zaren kabon ya fi sauƙin ɗauka kuma ya fi shanye girgiza, amma tsadarsa ta fi ƙarfin wannan kasafin, kuma kabon na araha sau da yawa bai kai alminiyam mai kauri ƙwari ba.

Ka ƙirga gaɓoɓin kowace ƙafa. Uku sun fi tsayuwa da saurin kafawa, huɗu sun fi naɗuwa, biyar kuwa a kan kaya mai araha alama ce ta rauni, domin kowace gaɓa tana shiga cikin ta samanta ne, ta ƙarshe sai ta koma siririya. Ka dubi wannan ta ƙarshen da kyau. Idan ba ta kai kaurin ƙaramin yatsanka ba, za ta lanƙwasa a ƙarƙashin kyamara mai nauyi. Gaɓar sama kuma ya kyautu ta kai milimita 23 zuwa 28. Nauyin tiraifod ɗin kansa ma shaida ne: na alminiyam da bai kai kilo ɗaya ba na waya ne, wanda ya dace da kyamara yakan kama daga kilo ɗaya da ɗan wani abu zuwa biyu.

Makullan gaɓoɓi iri biyu ne, masu ɗagawa da masu murɗawa. Masu ɗagawa sun fi sauri, kuma da ido za ka ga wanda ka manta ba ka rufe ba. Sai dai sukan saki bayan an daɗe ana aiki da su, shi ya sa za ka duba ko akwai ɗan noti a jikinsu da ake ƙara ɗaurewa da alanki. Wanda aka manne da rabit ba shi da gyara, ranar da ya saki ƙafar ta gama aiki. Masu murɗawa ba sa maƙalewa a jikin kaya kuma ana kwance su a wanke, amma idan yashi ya shiga zarensu za ka ji suna ƙara, kuma a cikinsu akwai 'yan siraran robobi da kan ɓace wa mai kwancewa da gaggawa. A wurinmu, inda ƙurar hunturu take shiga ko'ina, ni na fi karkata ga masu ɗagawa da noti ga mai farawa.

Gargaɗi: tiraifod masu arha da yawa suna da 'yan sanduna uku da suka haɗa ƙafafu da sandar tsakiya, da kuma hannun murzawa da ke ɗaga sandar. Sandunan suna hana ƙafafu buɗewa kowace da kusurwarta, saboda haka a kan tudu da gangare ko a bakin matakala za ka sha wahala, kuma ba za ka iya sauko da kyamara kusa da ƙasa ba. Haƙoran hannun murzawar kuwa in na roba ne, su ne suke fara cinyewa. A cikin ɗaki mai daɓe ba laifi. Wanda zai fita fili ya nemi mai ƙafafu masu zaman kansu, da ƙugiya a ƙarƙashin sandar tsakiya.

6. Kai

A nan ne kaya mai arha yake tona asirin kansa, don haka a nan ya kamata ka fi daɗewa. Kai iri uku ne ake samu a wannan farashi.

Kai mai ƙwallo yana da maɗauri guda. Ka sassauta, ka juya kyamara duk inda kake so, ka ɗaure. Ya fi dacewa da hoto, ba ya cin wuri, kuma na ƙarfe mai matsakaicin kuɗi yana riƙo sosai. Ga bidiyo kuwa bai dace ba, domin ba za ka iya bin mai tafiya daga hagu zuwa dama ba tare da hoton ya karkace ba.

Kai mai dogon hannu yana juyawa gefe, yana ɗagawa sama da ƙasa, wasu kuma suna kwantar da kyamara a tsaye. Shi ne aka fi gani a kan Weifeng WT-3520 da makamantansa. Yana da sauƙin koya, amma in na roba ne za ka tarar yana da ɗan wasa ko bayan an ɗaure, kuma idan ka fara juyawa yakan fizga.

Na uku shi ne kan bidiyo mai mai a ciki, wanda yake tafiya da ɗan nauyi kamar cokali a cikin zuma, ya fara a hankali ya tsaya a hankali. Duk wanda bidiyo ne abincinsa wannan ya kamata ya nema. Sai dai a san cewa mafi yawan masu arha da ake kira da wannan suna, man shafawa mai kauri ne kawai aka cusa tsakanin faifai biyu. Wasu suna aiki daidai gwargwado, kamar wanda ke kan Yunteng VCT-668, muddin kyamarar ba ta da nauyi. Hannunka ne zai gaya maka, ba rubutun kwali ba.

Tambaya ɗaya da za ka yi wa mai shago ita ce ko kan yana cirewa. Idan yana cirewa, gobe kana iya sayen kai mai kyau ka ɗaura a kan ƙafafun nan, ko ka sauya tsakanin na hoto da na bidiyo. Idan a manne yake, ranar da ya lalace duk tiraifod ɗin ya tashi aiki. Da a ce in zaɓa tsakanin wanda ya fi tsawo da santimita 20 da wanda kansa yake cirewa, na biyun zan ɗauka. Monofod kuma sau da yawa ba ya buƙatar kai ko kaɗan ga mai hoto, tunda karkata sandar ya isa, sai idan za ka riƙa ɗauka sama sosai ko kwantar da kyamara.

7. Faranti da noti

Gindin kusan kowace kyamara yana da rami mai zare na kwatan inci, wanda ake rubutawa 1/4, kuma haka yake a mariƙin waya. Tsakanin kai da ƙafafu kuwa notin ya fi girma, 3/8 ne. Akwai ɗan zobe mai zare ciki da waje da ke haɗa biyun, kuɗinsa kaɗan ne, ya kamata a sami ɗaya a aljihun jaka.

Faranti shi ne ɗan faifan da ake ɗaurawa a gindin kyamara don a riƙa ɗora ta da cire ta cikin sauri. Shi ne kuma abin da ya fi ɓacewa. Mutum ya ara wa abokinsa kyamara da farantin a jiki, ko ya sayar da ita ya manta, sai ya isa wurin aiki ya buɗe tiraifod ya tarar ba inda zai ɗaura komai. Saboda haka ka fifita kai mai karɓar farantin da ake samu ko'ina. Mafi yaɗuwa a yanzu shi ne samfurin Arca-Swiss, wanda kamfanoni da yawa suke yin irinsa, sai kuma 200PL na Manfrotto. Farantan roba na tiraifod masu arha kowane da girmansa, samun madadinsu kuma sai an dace. Idan irin wannan ka saya, ka tambayi na biyu a ranar, a shagon.

A kula: idan lens ɗinka yana da zobe mai ƙafa a jikinsa, kamar 70-200 f/2.8, a ƙafar lens ake ɗaura faranti. Ɗaurawa a gindin kyamara yana barin duk nauyin yana jan bakin da lens yake shiga. Mai waya kuma ya sayi mariƙi mai murɗawa da noti, ya guji mai sifirin, wanda kan saki ko ya danne maɓallan gefe.

8. Kasafin kuɗi

Kusan duk waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, akasari daga Sin, saboda haka farashinsu yana bin dala. Tun watan Yuni na 2023 da aka saki farashin naira, kuɗin da aka faɗa maka wata uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne. Ya fi sauƙi a riƙe matakan da dala, sannan a tambayi shago uku a rana ɗaya.

A can ƙasa akwai siririn nan mai lamba 3110 da ake yawan haɗawa da fitilar zobe, wanda bai wuce dala 10 zuwa 15 ba kuma da kyar yake wuce mita ɗaya. Na waya ne, a cikin ɗaki, inda ba iska. Kada ka ɗora masa kyamara. Sama da shi akwai su Weifeng da Yunteng, wajen dala 20 zuwa 40, waɗanda za su riƙe waya ko ƙaramar kyamara da lens ɗinta na asali, kuma da su mutane da yawa suka fara cin abinci. Daga wajen dala 50 zuwa 100 ake fara samun alminiyam mai kauri da kan ƙarfe mai cirewa da farantin Arca, kuma a ganina nan ne kuɗi suka fi yin daraja. Sababbin Manfrotto da manyan Benro da Sirui sun haura haka, sai dai a neme su na hannu.

Idan abin da ke hannunka ya tsaya tsakanin mataki biyu kuma kyamararka ta wuce kilo ɗaya, gara ka ƙara haƙurin wata ɗaya ko biyu. Araha ba ta ado, kuma gyaran lens ɗin da ya faɗi ya fi bambancin kuɗin nesa ba kusa ba. Ka kuma ware wajen kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin don faranti na biyu da mariƙin waya da jaka da kuɗin mota idan daga wani gari za a aiko.

9. Inda za a saya

A Kano ana samun na waya da na ƙananan kyamarori a kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut, a Abuja akwai Banex, a Legas kuma Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba. Shagon da yake sayar da kyamarori ya fi shagon kayan waya sanin abin da yake sayarwa. Jumia da Konga da Jiji ma suna da su, amma hoto ba ya nuna ƙwari, don haka ka karanta nauyi da tsawo da adadin gaɓoɓi, ka kuma tabbatar da sharaɗin mayarwa kafin ka biya.

Na hannu hanya ce mai kyau ga mai ƙaramin kuɗi, domin tiraifod ba shi da lantarki a ciki, duk aibinsa a fili yake. Tsohon Manfrotto ko Slik ko Velbon da fentinsa ya goge yana iya fin sabo mai sheƙi na kuɗi ɗaya. Masu situdiyo da suke sauya kaya su ne wurin fara tambaya.

Gargaɗi: kada ka tura kuɗi gaba ga wanda ba ka sani ba don ka ga hoto a Facebook ko WhatsApp. Sannan idan ka ga sunan babban kamfani a kan sabon kaya da farashin da bai kai rabin na ko'ina ba, ka ɗauka jabu ne.

10. Gwaji kafin biya

Ka je da kyamararka da lens mafi nauyi, ka nemi izinin mai shago, ka bi wannan tsari ba gaggawa.

Da farko ka zuƙo ƙafafu duka, ka rufe makullai, ka dafa saman da tafin hannu ka danna ƙasa da ɗan ƙarfi. Idan wata gaɓa ta zame ciki, makullinta ya saki. Daga nan ka kama wurin da ƙafafu suka haɗu ka murɗa hagu da dama. Mai kyau zai yi tauri, mai rauni kuwa za ka ga ƙafafun suna bin hannunka.

Sai ka ɗora kyamara, ka kunna allo, ka jawo hoton wani rubutu da ke nesa har iyakar zum, ka ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa. Ka zuba ido a kan rubutun. Idan ya natsu cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, to madalla. Idan ya ci gaba da kaɗawa har ka ƙirga biyar, haka zai riƙa yi duk lokacin da mota ta wuce ko iska ta kaɗa. Ka maimaita bayan ka ɗaga sandar tsakiya, don ka ga bambancin da idonka.

Bayan haka ka saita tsakiyar allo a kan harafi guda, ka karkata kyamara ƙasa kaɗan, ka ɗaure kai, ka saki hannu. Idan harafin ya gudu sama, kan yana sunkuyawa, kuma kullum sai ka yi ta saiti sau biyu ko uku. Ɗan kaɗan ana jurewa a wannan farashi, mai yawa kuwa a'a. Ka kwantar da kyamara a tsaye ka sake gwadawa, domin a nan ne masu rauni suka fi sakewa. Mai bidiyo ya kama hannun da yatsa biyu ya juya a hankali daga bango zuwa bango yana ɗauka, sannan ya kalli abin da ya ɗauka, ya lura da farkon juyawar da ƙarshenta.

A ƙarshe ka cire faranti ka mayar sau da yawa, ka girgiza kyamara a hankali ka ji ko tana wasa a mazauninta, ka duba ko akwai ɗan makari da ke hana faranti zamewa idan maɗauri ya sassauta. Ka duba robobin tafin ƙafafu ukun. In na hannu ne, ka ƙara da neman tsagewa a wurin haɗuwar ƙafafu da lotsawa a jikin bututu, domin bututun da ya lotsa ba ya shiga ba ya fita yadda ya kamata.

11. Kafawa a wurin aiki

Ka fara zuƙo gaɓoɓi masu kauri na sama, sirara na ƙasa sai idan tsawon bai isa ba, sandar tsakiya kuma ita ce ta ƙarshe. Ka buɗe ƙafafu har iyakarsu, ɗaya ta fuskanci abin da kake ɗauka don ta tallafi lens, kai kuma ka tsaya tsakanin sauran biyun. Ka daidaita da ɗan filam ɗin da ke jikin kai, wato ma'aunin nan mai kumfa a cikin ruwa, ta hanyar rage ko ƙara tsawon ƙafa, musamman ga bidiyo, in ba haka ba hoton zai karkace idan ka juya. Ka ɗaure faranti a gindin kyamara da tsabar kuɗi ko makulli, ka ɗora, kada kuma ka saki sai ka ja ta sama ka ji ta kama.

Ga hoto, ka sa jinkirin daƙiƙa biyu don girgizar yatsanka ta lafa kafin a ɗauka, ka kuma kashe na'urar hana rawa ta lens, wadda Canon suke rubutawa IS, Nikon kuma VR, domin a kan tiraifod wasu lens sukan haifar da rawar da kansu. A kan monofod kuwa a bar ta a kunne. Mai monofod ya ware ƙafafunsa, ya sa sandar a gaba ta ɗan jingino gare shi, igiyarta a wuyan hannu.

Gargaɗi: idan akwai iska, ka rataya jaka a ƙugiya amma ta taɓa ƙasa, domin jakar da ke lilo ƙara rawa take yi. A wurin taro ka lura da yara da wayoyin lasifika, ka naɗe igiyar kyamara kada ta rataya. Kada kuma ka saɓa tiraifod a kafaɗa da kyamara a kai, farantin roba ba a yi shi don haka ba.

12. Kulawa bayan aiki

Kafin ka naɗe ƙafafu, ka goge su da tsumma daga sama zuwa ƙasa, domin ƙurar da ke jikin bututu cikin makulli take shigewa. Idan ya taɓa laka da damina, ka goge da tsumma mai ɗan danshi, ka bar shi a buɗe ya bushe a inuwa. Kada ka zuba baƙin mai ko giris a makullai ko a kan ƙwallo, mai yana kama ƙura kuma yana sa abin da aka ɗaure ya zame. Kada ka bar shi a cikin mota a rana, zafi yana busar da roba har ta fara tsagewa. Lokaci zuwa lokaci ka bi notunan makullai da na wurin haɗuwar ƙafafu da alanki, ka ƙara musu kwatan juyi idan sun saki, ba tare da ka matse har robar ta fashe ba.